Hada da Shafa

Shekarata goma sha biyar a unguwar Nuzla ta Jidda, ban taɓa jin sanyin da ba na mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba. A littafin makaranta na karanta cewa a duwatsun Ɗa'ifa akwai wasu garuruwa biyu, Hada da Shafa, inda gajimare kan shigo wa mutum ta taga. Tun ranar ban samu sukuni ba. Na yagi takarda na tsara tafiyar da kaina: a tashi bayan asuba, a hau Hada kafin rana ta yi zafi, azahar a Ɗa'ifa, a ci abinci a Shafa, a dawo Jidda da magariba. A ƙasa na rubuta "iƙamar kowa", wato katin izinin zama, na ja layi biyu, saboda shingen binciken hanya.

Kawu Usuman, ƙanin mamata, motar kafilinsa, maigidan da ya tsaya masa, yake tuƙawa, kuma Alhamis ɗaya tak ta rage masa kafin maigidan ya dawo daga hutu ya karɓi makulli. Ya ce zai kai mu, amma sai Sitti ta yarda. Sitti kakarmu ce, Hajiya Dela. A wurinta duk tafiyar da ba ta umara ba ce, ba kuma ta asibiti ba, shiririta ce.

Ni kuwa ko a gaban malamar aji muryata rawa take yi. Har Talata ban iya buɗe baki ba. Da la'asar ina matsa mata gwiwarta mai ciwo, takardar ta faɗo daga cikin littafina. Ta tambaye ni mece ce. Na ce, can ƙasan maƙoshi, Hada da Shafa ne.

Mu haifaffun Jidda ba mu cika raba "da" da "ɗa" a furuci ba, kuma Sitti ta saba gyara mana magana a kunnenta. Ta ƙara miƙo ƙafar.

"A haɗa me, a shafa a ina? In na gwiwa ne ki faɗa mini, ƙawata."

Kamata ya yi in gyara mata. Sai kawai na ji bakina yana cewa e, na gwiwa ne, amma ba a samunsa a Jidda, sai an hau Ɗa'ifa, kuma mai ciwon ce ke zuwa da kanta. Kawu da ke gefe ya ƙware da shayi, ya fita yana tari. Sitti ta dube ni. Daga nan ta ce a ɗauko mata barguna biyu da fulas.

Ranar Alhamis komai ya bi takardata, ban da birai. A hawan Hada wani ƙaton biri ya zura hannu ta taga ya fizge burodin mamata, Sitti ta bi shi da Hausar da ba zan rubuta ba. Na ga gajimare a ƙasa da mu, kunnuwana suka toshe, haƙorana suka fara kaɗawa, amma daɗin bai zauna mini ba. Duk inda muka tsaya sai Sitti ta ce nan ne? In ce mata sai gaba.

A Shafa gaba ta ƙare. Ta fito da bargunanta, ta zauna kan dutse, ta kwaye gwiwa.

"To yalla, maza, likita. Ina maganin?"

Kawu ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. A bakin hanya wani tsoho yana sayar da zuma da ruwan wardi. Na nufe shi na sayo kaɗan-kaɗan. A murfin fulas na haɗa su, na durƙusa na shafa mata. Ƙudan zuma biyu suka zo duba aikina.

Sitti ta miƙe a hankali, ta taka har bakin kwari, ta daɗe tana kallon gajimaren. Da ta dawo ta ce halas, shi ke nan, ƙafa ta yi sauƙi. Ta kuma aiki Kawu wurin tsohon, ya dawo rungume da kwalabe mafi girma da ke kan teburin.

Muna gangarowa ta ce wa Kawu garin ya canza, lokacin da marigayi kakanmu ya kawo ta Shafa ko kwalta ba a zuba ba. Ashe tun farko ta san Shafa gari ne. Ba ta ko waiwayo ni ba ta ce:

"Mastura, tunda hannunki ya karɓe ni, safe da yamma ne, har kwalaben nan su ƙare."

Wata huɗu ke nan. Kwalbar farko ko rabi ba ta yi ba.