Kunya a Gicciye

Taku goma sha ɗaya ya rage tsakanin bangon ɗakina da kwarin da ruwa ya haƙa a bayan gidanmu. Bara taku ashirin ne. Da ƙafata na auna, kuma gadon 'yata a jikin bangon nan yake.

Ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Sai ya yi sati uku bai sauko ba, ran da zai zo kuma ya juye na wata guda a wuni ɗaya. Daga gonakin kan tudu yake gangarowa, jawur, ɗauke da ƙasar mutane.

Malamar gona ta tara mu ta ce maganin yana hannunmu. A dasa ciyawar jema layi-layi, a sa itatuwa a bakin kwari, sannan kowa ya juya kunyarsa ta gicciye gangare. Kowa ya yarda, ban da Baba, surukina, kuma gonarsa ce can sama, inda ruwan yake somawa.

"Shekara hamsin kunyata na kallon ƙasa," in ji shi. "Yanzu yarinya mai takalmin roba za ta juya mini ita?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na kasa haƙura. Da hantsi na tara ƙasa tuli biyu a tsakar gida, gaban kujerar Baba. Na sa cokali na ja layuka, ɗaya a miƙe zuwa ƙasa, ɗaya a gicciye. Na durƙusa na miƙa masa buta.

"Baba, don Allah a zuba mini."

"Wasan ƙasa kuma muka koma, uwar 'ya?"

Amininsa Tela, da ya shigo gaisuwa, ya ce, "Zuba mana, ko hannun ne ya tsufa?"

Baba ya zuba wa na farko. Tulin ya tsage, laka ta malalo har kan silifas ɗinsa. Ya zuba wa na biyu. Ruwan ya tsaya a layuka yana ƙyalli, ya nutse a hankali.

"Kin yi ha'inci. Na farkon kin fi sassauta masa ƙasa."

Ya tashi ya gina nasa da hannunsa, sau biyu, duk abu ɗaya ya gani. Sannan ya karkaɗe hannu ya ce da ɗansa, "Kai, ina igiyar awo?"

Wayyo, ranar aikin! Tela ya rufe shago, mai walda ya zo da garemani shida da ya gyara, matan layinmu muka ɗauko jema a kwanduna. Baba na gaba yana daka wa kowa tsawa, wai layin wane ya karkace kamar bakin mai kuka. Na dasa har bayana ya ƙage, 'yata na goye tana ja mini ɗankwali.

Kwana tara bayan nan, da la'asar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na rungume yarinya na tsaya a tagar baya, ina jiran jan ruwan nan mai ƙugi.

Bai zo ba. Wani ɗan siriri ne ya sulalo cikin kwarin, ko ƙwauri ba zai kai ba.

"Ku fito ku gani!" Ban san na iya ihu haka ba.

Muka hau tudu cikin yayyafi, mata na guɗa. Kowace kunya ta riƙe ruwanta tam. Sai can gefen gonar mai walda na hango layi ɗaya ya ɓalle, ruwa na zurara ta wurin. Na kwance goyo na ɗora wa Baba jikarsa a kafaɗa.

"Riƙe mini ita, Baba. Tela, miƙo fartanyar nan!"