Jallabiyar Mutumin Filorens

Rabi ta ajiye wayarta a kan teburin Marwan, mai shagon wanke hotuna a unguwar Utaibiyya, ta kau da kai.

"Sa masa riga," ta ce.

A hoton, 'yarta Tahani ce tsaye cikin abaya a wani dandali na birnin Filorens, inda take karatun haɗa magunguna. A gefenta kuwa ga wani ƙaton mutum-mutumi na farin dutse, tsirara haihuwar uwarsa, ko kunya babu.

"Ya khala, dutse ne fa," in ji Marwan, yana kiranta inna da Larabci.

"Na sani. Babanta ya ce ranar da ya ga abin da bai gamshe shi ba, ranar za ta dawo gida, khalas, shi ke nan. Yau kuma ya matsa sai ya ga hotunan gari. Saura mata shekara guda ta gama."

Marwan mutum ne mai son a yaba aikinsa. A kwamfuta ya sa wa dutsen farar jallabiya mai guga, ya ɗora masa jan shimagi, mayafin kai na mazan Larabawa. Da ya ga fuskar ta yi fari fat, ya ɗan shafa mata launi, ya ƙara gemu. Har agogo ya ɗaura masa. Rabi ta duba, hankalinta ya kwanta, ta shi masa albarka.

Bayan la'asar mijinta Malam Abdulganiyyu ya sa tabarau yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya: gada, kogi, tsohuwar hasumiya. Yana ta gyaɗa kai. Da ya iso kan na dandalin sai ya tsaya cak.

"Wane ne wannan?"

Rabi ta leƙa hoton. "Wani... mutumin garin ne, Malam."

"Mutumin gari da shimagi? Dubi yadda ya karkato kafaɗa wajenta! Ita kuma har da murmushi. Tun yaushe suke tare?"

"Ai ya daɗe a wurin."

"Ya daɗe!" Ya cire tabarau. "An ce garin cike yake da gumaka. Da gunki ta tsaya kusa da shi, wallahi da na yi haƙuri, dutse ne. Amma namiji? Kira ta, ta haɗa kayanta."

Rabi ta dubi wayar da ke cinyarta, ta yi a'uziyya a zuci, ta buɗe hoton na asali.

"Malam," ta ce, "mai da tabaranka."