Izini daga Legas

Waɗanda suka tsara furojenmu, shirin lafiyar mata masu ciki, a Zinder sun iya takarda, amma ba su san Matameye ba. Wai mu tara mazaje a watan Fabrairu mu yi musu bayanin awon ciki. Waɗanne mazaje? Rabinsu suna Najeriya cin rani. Ni Najaha, ungozomar unguwa, na sha shimfiɗa tabarmi kaji su hau.

Ranar wata Laraba na leƙa Basira, matar Sa'adu da ke cin rani a Legas, tana da cikin wata takwas. Ƙafafunta sun kumbura, kai yana sara mata, tana ganin duhu-duhu. Na san abin da tansiyo, wato hawan jini, ke yi wa mai ciki.

Surukinta Alhaji Illa ya tsaya a zaure. "Ba mugunta ba ce, Najaha. Amana aka bar mini. Mace ba ta fita sai da izinin mijinta."

"Alhaji, ciwon ba ya jiran damina."

"Nemo shi dai."

Wayar Sa'adu a kashe take. Haushi ya kama ni, amma faɗa da dattijo ba ya kai mara lafiya likita. Na kira Yahaya mai shayi, wanda 'yan garinmu ke taruwa a teburinsa a Legas. Ya bar tukunya a kan wuta, ya je ya samo Sa'adu yana tura kurar ruwa. Na buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Baba, ku kai ta yanzu," in ji Sa'adu, yana haki. "Na ba ta izinin yau da na gobe. Duk ranar da jikinta ya ce likita, kada a jira ni."

Alhaji da kansa ya fita kiran mai moto. Kafin la'asar mun isa likita, an sa wa Basira ruwa, tansiyo ya fara sauka. Wallahi na ji daɗi har na yi ƙwalla.

Ina bakin ɗakin sai ga Yahaya ya sake kira.

"Kar ki kashe, Inna Najaha. Ga Cha'ibu zai ba da saƙon matarsa, irin na Sa'adu. Bayansa akwai Lawwali. Mutum tara ne a layi, har da ni."