Tayil Ɗin da Suka Ƙi Jeruwa

Shi ya fara ganin lambar nan. Tun kafin masana masu tabarau su kunna injinansu na lissafi, Mai Tayil ya durƙusa a gabanta har gwiwoyinsa suka yi kanta.

Yana saurayi wata mata ta ba shi aikin daɓen ɗaki da ƙananan tayil na gilashi, shuɗɗa, kowanne kamar farce. Sharaɗinta a jera su duka, layi daidai da layi, ba yanka, ba saura. Bai yi boko ba, lissafinsa na tsibi ne. Ya raba biyu, ya sake rabawa, sau goma sha uku, suka tashi ɗaiɗai cif.

"Wannan ai ko ido rufe," in ji shi. Bai rufe baki ba guda ya suɓuce ya tarwatse.

Shi ke nan. Ya jera uku-uku, saura. Bakwai-bakwai, saura. Wata biyu yana abu ɗaya. In rana ta leƙo ta taga, shuɗin ya hau bango kamar ruwa, sai ya ji yana iyo, layuka na tafiya ba gaɓa. Ƙarshe matar ta kore shi, ta haɗa shi da buhun tayil ɗin.

Shekaru suka shuɗe. Ya faɗo daga bene hawa na uku ya tashi. An tsaga cikinsa sau biyu ya tashi. Amma har yau a gida shi ne wanda ɗaki ɗaya ya gagara.

Ran nan ɗansa ya jawo buhun tsakar gida, yana neman wurin ajiye babur.

"Baba, shekara hamsin fa. Bola za shi."

"Sai dai ka haɗa da ni."

Jikarsa, malamar lissafi, ta tsuguna tana dariya. "Kaka rigima. Nawa ne ma abin naka?"

Suka zazzage suka ƙirga, har inuwa ta juya. Dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya. Ta danna waya, dariyar ta ɗauke.

"Kaka, ba laifinka ba ne. Lambar nan ba ta rabuwa, sai da ɗaya ko da kanta. Danginsu ma daban ne: a yi ta ninka biyu, a cire ɗaya. Akwai yayyenta da injina ke farauta, in za a rubuta guda sai an cika littattafai."

Tsohon ya lumshe ido. Ya hango su, ɗakuna shuɗɗa bayan ɗakuna, ba wanda ya rufu.

"Ja'ira, maimaita ubanki ya ji."

Ɗan ya sosa ƙeya, ya mayar da buhun ciki da kansa. Babur ya koma rana.

Buhun na nan bayan ƙofa, tsohon na nan kan kujerarsa. Duk mai musu ya zo da gwiwoyinsa, a share masa daɓe. In ya jera su ba saura, Mai Tayil zai tauna cokalin siminti a gabansa.