Ƙwallon da Bahago Ya Ci

A gidan nan babu wanda bai haddace labarin ƙwallon Bahago ba. Da an gama cin abinci zai kafa kofuna biyu a kan tebur su zama raga, ya ɗauki murfin kwalba: ga yadda aka bugo, ga yadda ya tare da ƙirji, ga yadda ya zabga da hagu. Da wannan ƙwallon, in ji shi, kulob ɗin birnin ya ɗauki kofinsa na farko bayan an fara biyan 'yan wasa albashi.

Sai dai jaridar washegari ta rubuta cewa mai lamba tara ne ya ci, shi kuwa Bahago sha ɗaya yake sawa. Mai lamba tara ya riga mu gidan gaskiya. Filin an rushe shi, jami'a ta gina ɗakunan karatu a wurin. Shaida dai babu sai bakinsa. 'Ya'ya kan gyaɗa kai don ladabi, jikoki kuwa ƙiri-ƙiri suke masa dariya. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwar da ta yi, iyakarta ta ce, "A kwashe kofunan nan kafin ya fasa min." Abin yana masa ciwo ƙwarai, ko da yake ba ya nunawa.

Ran nan sai ga jikarsa mai karanta tarihi a jami'ar ta faɗo falo, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Tsoho, ƙaryarka ta ƙare! Gidan talabijin ya ba sashenmu tsofaffin faya-fayan wasanni, har da na ranar kofin. Gobe za a haska, kuma kai ne babban baƙo."

"Sai ki tanadi bakin ba ni haƙuri," in ji shi.

Cika baki ne kawai. Labarin da mutum ya shekara da shekaru yana maimaitawa, ina zai gane inda gaskiya ta tsaya gishiri ya fara? In fa ƙafar mai lamba tara ce ta taɓa ƙarshe? Da safe ya ce gwiwa ta hana shi motsi. Malama ta miƙo masa sandarsa, ta ce mota na jira.

Ɗakin taron ya cika maƙil da ɗalibai, kujeru hawa-hawa har kusa da rufi. Aka zaunar da tsofaffin biyu a sahun gaba. Malamin tarihi ya yi ta zuba bayani kan yadda 'yan wasan farko suka fito daga kwalejojin birnin, Bahago bai ji ko ɗaya ba. Aka kashe fitilu, aka haska wasan a bango. Hoton baƙi da fari ne, ba murya, sai rawa yake. Can ya hango kansa, siriri kamar tsinken tsintsiya, da uban gashi da ɗan guntun wando. Ɗalibai suka ɗauki fito.

Aka bugo ƙwallo daga dama. Sha ɗaya ya tare da ƙirji, tara na dab da shi. Ya ɗaga hagu ke nan, sai wani ɗan kallo mai ƙaton kai ya miƙe a gaban kyamara ya rufe komai. Ko da ya kauce, ƙwallo na cikin raga.

"Kash!" in ji ɗakin gaba ɗaya.

Bahago ya sunkuyar da kai. Shi ke nan, haka zai tafi da labarinsa ba mai gaskata shi.

Kyamarar ta juya kan 'yan kallo. Wata budurwa cikin kayan kwalejin horon malamai ta haye benci, tana tsalle kamar za ta tashi sama, tana dukan ƙafarta ta hagu, tana nuna wani a fili.

Jikar ta zabura. "A tsayar! A mayar baya!" Ta dubi bango, ta dubi sahun gaba. "Kaka! Wallahi ke ce!"

Malama ta gyara tabarau a natse. "Ni ce mana. Daga aji muka sulale, ni da ƙawayena."

Bahago ya juyo, baki buɗe. "Kina wurin? Kin gani?"

"Ina bayan raga. Kai ka ci, da hagu. Mai lamba tara ko kusa bai taɓa ba."

Ɗakin ya ɓarke da sowa da tafi, wasu har da buga tebur. Malamin tarihi sai roƙon Malama yake da ta maimaita maganar a lasifika.

"Haba Malama! Duk shekarun nan kina ji ana min dariya?"

"Ka taɓa tambayata? Kullum kai ke da bakin magana. Ba a gaskata ka ba ma ka hana mu sakat, ina ga an gaskata?"

Daɗi ya kashe shi, yana dariya hawaye na bin gemu. Ya sake duban yarinyar da aka tsayar a bango, ƙafafunta ba sa taɓa benci. Ya yi ƙasa da murya.

"Amma ai lokacin ban ma san ki ba."

"Kai ne ba ka san ni ba," in ji Malama. Ta ɗauki sandarsa da ta faɗi, ta ɗora masa a cinya.