Ƙafar Daman Tamba

"Ɗaga ni," in ji Tamba. "Ƙarhin nan naka na banza yau dai ya yi rana."

Arzika ya sa hannu a hammatarsa ya jingina shi da bango. Shekara arba'in ya yi yana dakon buhun shinkafa a kasuwar Birnin Kebbi, sai ya ji kamar tabarma ya naɗe. Wata uku ke nan ciwon hanta ya kwantar da Tamba mahauci a ɗakinsa na Gwadangaji, katanga ɗaya tsakaninsa da gidan Arzika. Kunun da Riskuwa matar Tamba ta ajiye tun hantsi, ƙuda kaɗai ya taɓa shi.

"Arzika, tahiya ta matso. Kowa na roƙa gahwara, kai ka rage. Ka yahe mini."

Arzika ya zauna bakin gado, ya cire hula, ya mayar. Kalmar ba ta da tsada, ya sha ba wa waɗanda bai sani ba. Wannan ce dai ta maƙale masa tun wata kaka da aka yi dambe a Argungu, suna samari. Wata shida ya yi yana ɗaga tsohon ƙarfen injin niƙa da hannun dama, safe da yamma, don shi ne hannun duka, hagu garkuwa ce. Damtsen ya kumbura har tela ya farke masa hannun riga. Aka haɗa shi da wani siririn mahauci kamar karan rake. A turmin farko, duka ɗaya, Arzika ya farka ya ga sama, makaɗa sun koma kiɗan wani. Bai sake shiga fili ba. Har yau tsofaffin 'yan dako in sun so tsokana Buhun Argungu suke ce masa. Kuma bai taɓa shakka ba: laya ce a cikin karan da aka naɗe hannun Tamba da shi.

"Hwaɗa min gaskiya in yahe," ya ce. "Wane malami ya yi maka ta?"

Tamba ya yi dariya, dariyar ta zama tari. "Haba Buhu. Shekara talatin muna raba tuwo, ashe abin da kaka taunawa ke nan?"

"Hannunka bai kai rabin nawa ba. Da mi ka kashe ni?"

"Miƙo tahinka."

Arzika ya miƙa. Tamba ya dunƙule hannu daga zaune ya buga. Kamar kaza ta yi tsattsaga.

"Ka ji? Hannu ke nan, iyakar abin da shi ka iyawa. Yanzu tsai da ni."

Riskuwa ta leƙo daga ƙofa. "Malam, don Allah!" Ta juya ga Arzika. "Baban Ja'afar, kai ma biye mishi za ka yi?"

"Bari, Riskuwa. Bashin magana ne."

Arzika ya tsai da shi. Tamba ya ja ƙafar dama baya, ya kafa babban yatsa a siminti, ya ɗan karkata. Dunduniya ta tashi, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannun ya iso a ƙarshe. Tas! Tafin Arzika ya yi baya ya bugi ƙirjinsa. Ba wani duka ba ne, amma ba daga wannan busasshen damtsen ya fito ba. Tamba kuwa ya sulale, Arzika ya tare shi ya kwantar.

Tamba ya daɗe yana neman numfashi.

"Kai hannu ka kawo hili," ya ce a hankali. "Ni da jikina duka na zo, tun daga ƙasa. Kuma ƙarhen ya ɗaure maka kahwaɗa. Kahin ka ɗauko wannan gungumen, na je na dawo."

"To ƙarhen banza ne ke nan? Wata shida?"

"Ba banza ba. Da a wuya ka aza shi, kana tsugunnawa kana tashi da sauri, ƙila da ni anka zuba ma ruwa ran nan. Hannu ɗaya ka ciyar, ka bar ƙahwahu da yunwa. Yaran unguwar Gesse masu ɗaga ƙarhe ma haka na ga suna yi gaban madubi."

Arzika ya dubi tafinsa. Laya ta fi sauƙin ɗauka. In laya ce, an zalunce shi. In ba ita ba ce, shi ya kayar da kansa, ya kuma shekara talatin yana harare-hararen maƙwabci. Ya ji gajiya ta sauko masa har ƙashi.

"Na ji," ya ce.

Tamba ya jira sauran. Ladan ya kira azahar. Arzika ya sa takalmi ya fita, yana cewa a ransa in an sallame zai dawo ya faɗa.

Yana hanyar dawowa ya ji kukan Riskuwa.

Shi da liman suka yi wa gawar wanka a bayan ɗaki, an kare da zana. Liman yana zuba ruwa, Arzika yana cuɗawa. Da aka zo alwala ya ɗago ƙafar dama. Shekara talatin hannun mutumin nan yake kallo, bai taɓa duban ƙasa ba. Babban yatsan ya karkace waje, gaɓarsa ta yi ƙulli kamar goro, irin na ƙafar da ta murza ƙasa sau dubbai. Ya dubi ta hagu: lafiyayya, miƙaƙƙiya.

Ya riƙe ta dama da hannu biyu. Leɓensa ya motsa, liman bai ji abin da ya ce ba. Ruwan ya ci gaba da bin dunduniyar yana ɗiga a kan yashi.

"Arzika," in ji liman a hankali, "ta hagu ta rage."