Kwana Biyu na Ruwa

Ranar Talata, takwas ga Agusta, iska mai zafi ta gangaro daga duwatsu tun da hantsi, kamar an buɗe bakin tanda. Chizuru ta kasa zama. Ta je gona, ta dawo, ta sake komawa. Ƙasa ta fara tsagewa, ga shinkafarta tana tsakiyar fure.

Tun rasuwar mijinta ita ke noma gonakinsa huɗu. Bana ta sayi sabon iri mai jure zafi, ta jinkirta dashe da mako biyu. Sai dai dusar ƙanƙarar da ke narkewa ta cika tafkin ƙauye ba ta sauka sosai ba, tafkin ya ja baya, makullin ƙofar ruwa kuwa yana hannun tsoho Tokuji.

*

A zauren taro magidanta ne ke magana. Wurinta yana gefen butar shayi. Ta zuba wa kowa, sannan ta durƙusa.

“Baba Tokuji, kwana biyu kawai nake roƙo. Idan furen ya bushe, shi ke nan.”

“Malamar gona ta yi magana!” in ji Masaharu, ƙanen mijinta. Aka yi dariya.

Tokuji ya kurɓi shayi. “’Yata, rabon ruwa daga gidajen sama yake farawa, tun kakanninmu. Wa ya ce ki yi dashe bayan kowa?”

“Baba, zafin kakanninmu ba irin wannan ba ne. Taku ma dahuwa take yi a tsaye.”

“To, ki jira layinki. Kwana tara.”

Ta dubi Masaharu. Ya sunkuyar da kai yana gyaran safa.

*

Kwana tara tana jido daga rafi da bokiti biyu, kafaɗunta suka saluɓe. Gona ɗaya kaɗai ta iya kaiwa, ta bakin rafin.

Da kaka ta yi, shinkafar ƙauyen ta fito fara fat kamar alli, tana farfashewa a injin casa. Masu saye suka duba, suka mayar da ita mataki na ƙasa. Ta gonar bakin rafi kuwa ƙwaya garau, sai sheƙi.

Masaharu ne ya zo, ya tsaya a ƙofa yana murza hula.

“Yaya, Baba Tokuji ya ce a tambaye ki sunan irin nan. Taro ya yanke shawarar baɗi kowa shi zai shuka.”

“Wa aka ce ya kawo shawarar?”

Ya kawar da kai. “Ni.”

Ta rubuta masa sunan a bayan takarda, ta rufe ƙofa.

Gona huɗu ta dasa. Uku ƙaiƙayi suka ba ta. Buhu saba’in take samu a da. Bana sha takwas ta ɗaure.